Kamfas ɗin otofailot ɗina na yaudara ta, ina zan mayar da shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sa wa jirgin ruwana na faiba (gangar jikinsa ba ta ƙarfe ba ce) mai tsawon mita 9 otofailot, wato na'urar tuƙi mai sarrafa kanta. Kamfas ɗinta na ɗaure shi a baya, ƙarƙashin benci, kusa da batir, don wayar ta fi sauƙin kaiwa can. In na nufi arewa lafiya lau, amma da na juya gabas sai ya kauce da kusan digiri 20. Kuma duk lokacin da famfon kwashe ruwa ya tashi, sai jirgin ya fara tangaɗi kamar mashayi. Na'urar ce ta lalace, ko ni ne na yi aika-aika?

Makanikin jirgi:
Wa alaikumus salam. Malam, na'urarka ƙalau take, wurin ne bai yi ba. Wannan kamfas ɗin maganaɗisun duniya yake saurare, kuma maganaɗisun nan ba shi da ƙarfi. Wayar batir mai ɗauke da wuta mai yawa tana haifar da nata maganaɗisu, shi ya sa famfo na tashi jirgi ke karkacewa. Ka nisanta shi aƙalla mita 1 daga inji, batir, manyan wayoyi, sarƙar anga (ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi) da lasifika. Lasifika ma ta fi kowa sharri, akwai maganaɗisu zungurum a cikinta. Ɗan matsawa kaɗan na yin aiki sosai: in ka ninka tazarar da ke tsakaninsa da lasifikar, tasirinta na raguwa kusan sau 8.

Kafin ka huda ko'ina, ɗauki kamfas na hannu ka ajiye a wurin da kake so. Kunna famfo, fitilu da rediyo ɗaya bayan ɗaya, ka ta da inji. In allurar ta motsa, nemi wani wuri.

Wani ɗan uwa:
Ni a sama na kafa nawa, can kan doguwar sandar jirgi, ban taɓa samun matsala ba.

Makanikin jirgi:
Jirginka ai na ƙarfe ne, ranka ya daɗe, dole ka guje wa gangar jikinsa. A jirgin faiba, sama ce ta fi lilo in igiyar ruwa ta taso, kamfas ɗin ya yi ta rawa. Gara ƙasa-ƙasa, tsakiyar jirgi, inda motsi ya fi ƙanƙanta.

Tsohon matuƙi:
Ɗana, ƙari kan abin da aka faɗa: ya zauna daidai ba a karkace ba, kibiyar da ke jikinsa ta kalli goshin jirgi, kuma da sukuru na tagulla za ka ɗaure shi. In ka gama, sai ka sake saita shi. Fita ranar da ruwa ya kwanta, ka yi ta kewaya a hankali, kowane zagaye ya ci kamar minti 3, har na'urar ta nuna ta gama lissafi. In kaucewar da ta nuna ta haura digiri 15, wurin bai yi ba har yanzu. Kuma kada a mayar da wurin ma'ajiyar sifana, don ƙarfe na ruɗa kamfas. Na taɓa ɓata yini guda ina neman laifin waya, ashe wuƙa yarona ya jefa a akwatin da kamfas ɗin yake.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na gwada da kamfas na hannu, famfo na tashi allura ta yi tsalle. Na samu wuri ƙarƙashin matakala, mita ɗaya da rabi daga inji, amma wayar ba ta kai ba. Zan iya yanka ta in yi mata ƙari, ko sai na sayi doguwa?