Kart mer, madabod ko uwar haɗi? Mu tsayar da suna guda

1/ Salamu alaikum ƴan'uwa masu haɗa kwamfuta da masu gyara. Abu guda ne a nan Maradi yake amsa suna uku. Wanda ya yi lakkal yana cewa kart mer, wanda ya koyo aiki a Kano ko Katsina yana cewa madabod, mai gyaran waya kuma inji yake kiran na cikin waya. Yaro ya tara kuɗinsa zai haɗa kwamfutar wasa, a jera masa sunayen nan, ba wanda ya nuna masa aikin abin. Ina so mu samo na Hausa wanda jin sa kawai zai koya wa mutum wani abu.

2/ Abin da ake nufi shi ne faffaɗan farantin nan na cikin akwatin kwamfuta, wanda ake dasa komai a kansa: ƙwaƙwalwa (CPU, mai yin lissafin kwamfuta), sandunan RAM masu riƙe aikin da ake kan yi, katin hoto mai zana abin da ake gani, ma'ajiyar SSD, da wayoyin wuta. Girman da aka fi sani ana ce masa ATX, Intel ce ta fito da tsarin a 1995, tsawonsa milimita 305, faɗinsa 244.

3/ Na ga masu rubuta "uwar allo". Rabin farko ya yi daidai, domin Bahaushe ya daɗe yana kiran jigon abu uwa: uwar kuɗi, uwar garke, uwar ƙungiya. Matsalar tana wurin allo. Mun riga mun ba wa fuskar da ake kallo wannan suna, allon waya, allon kwamfuta. Ka ce wa mutum uwar allonsa ta ƙone, fuskar zai duba ya ce maka ai ga ta tana haske. Shawarata ita ce "uwar haɗi". Muna cewa kayan haɗi, muna cewa kwamfutar haɗi, ita kuwa a kanta ake haɗin. Jam'i: uwayen haɗi.

4/ Dalilin da ya sa na nace a kan wannan suna ya wuce daɗin baki. Samari da yawa sun ɗauka in suka sayi mai tsada, irin su ROG Maximus ta ASUS, ko MEG ta MSI, ko Aorus ta Gigabyte, ko Taichi ta ASRock, wasa zai ƙara gudu. Ba haka ba ne. Gudun wasa daga katin hoto da ƙwaƙwalwa yake fitowa. Ka ɗauki ƙwaƙwalwa ɗaya da kati ɗaya ka dasa su a matsakaiciya, ka sake dasa su a wadda ta haura dalar Amurka 500, wajen jaka 300 ke nan, bambancin da za ka gani a wasa kaɗan ne ƙwarai. Ita haɗawa take yi da ciyar da wuta. Wanda ya riƙe sunan "uwar haɗi" zai san kuɗinsa mafi yawa wajen katin hoto ya kamata ya tafi.

5/ To mai tsadar me ta fi? Wuta. Akwatin kuran da ke ciyar da kwamfuta yana ba da bolt 12, ƙwaƙwalwa kuwa abin da take sha bai fi bolt ɗaya da ƴan kai ba. Waɗancan ƙananan dunƙule da aka jera gefen mazaunin ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin ƙarfe mai tsaga-tsaga, su ne VRM, su ke sauko da wutar su daidaita ta. Idan suna da yawa kuma masu kyau, sai su raba nauyin a tsakaninsu, kowanne bai yi zafi sosai ba. Idan kaɗan ne, da aiki ya yi nauyi sai su ɗau zafi, uwar haɗin ta rage wa ƙwaƙwalwa gudu don ta tsira. A ƙasar sanyi wannan ƙaramar magana ce. A Maradi cikin Afrilu, da zafi ya wuce digiri 40, ga ƙurar da hunturu ya bari maƙale a fankoki, ita ce maganar farko da zan duba kafin fitilu masu launi. VRM ni "madaidaitan wuta" nake ce musu.

6/ Sai magana ta biyu, wadda ake ce wa obakulokin, wato ɗaga gudun ƙwaƙwalwa sama da yadda kamfani ya yanka mata. Ƙwaƙwalwa tana da bugu na asali, megahaz 100, ana ninka shi. Ninki 50 ya ba da gigahaz 5. Mai wannan aiki yana shiga BIOS, wato wurin saite-saiten uwar haɗi, ya ɗaga ninkin zuwa 52 ko 53, ya ƙara wuta kaɗan, ya gwada ko za ta tsaya ba ta faɗi ba.

7/ Wani ƙanena daga Tasawa ya kawo "ƙure gudu", kamar yadda direba ke ƙure maleji. Ƙane, ka yi kusa, amma ƙurewa kai abu ne iyakar da aka yanka masa, nan kuwa ana tsallake abin da kamfani ya yanka. Na fi son "zaburarwa". Duk wanda ya kalli hawan salla ya san dokin da aka zabura yana ba da gudun da ba ya bayarwa a tafiyarsa ta kullum, ya kuma san yana jiƙewa da gumi, kuma in mahayi ya matsa masa fiye da kima zai illata shi. Gudu, zafi, haɗari, duk suna cikin kalmar. Ga ta a baki: "Na zaburar da ƙwaƙwalwata." "Wannan uwar haɗin ba ta karɓar zaburarwa."

8/ Jimla ta biyun nan gaskiya ce da ya kamata mai saye ya sani. A wajen Intel sai ƙwaƙwalwa mai harafin K da uwar haɗi mai harafin Z, kamar Z790 ko Z890. B760 za ta bar ka ka zaburar da RAM, ninkin ƙwaƙwalwa kuwa a kulle yake. AMD, ɗayan kamfanin ƙera ƙwaƙwalwa, ta fi sakin hannu: a mazaunin AM5 da ya fito a 2022, B650 ma tana yarda, ba sai X670E ba. Kuma haɗarin ba tatsuniya ba ne. A 2023 wasu ƙwaƙwalen AMD, Ryzen 7000X3D, sun ƙone saboda wuta ta yi musu yawa, har aka fito da sabon BIOS da ya tsayar da wutar wani sashe na ƙwaƙwalwar a bolt 1.3.

9/ Wani dattijo malamin makaranta ya ce me zai hana mu bar kart mer, tunda mun karɓi mota da rediyo. Allah ya gafarta Malam, aro ba laifi ba ne, ni ma ban taɓa sunan RAM da BIOS ba. Amma mota ɗaya ce a Maradi da Kano. Wanga abu kuwa iyaka ta raba mana shi biyu: mai shago a Jibiya bai san kart mer ba, ɗalibi a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi bai saba da madabod ba, alhali kaya ɗaya suke saye da sayarwa. Hausa ce kaɗai ta game su.

10/ Don haka daga yau abin da zan riƙa rubutawa ke nan: uwar haɗi, zaburarwa, madaidaitan wuta. Saura cipset, ƙaramin guntun da ke tsara zirga-zirga tsakanin ƙwaƙwalwa da ramukan USB da ma'ajiya, wanda harafin Z ko B yake nuni gare shi. "Mai raba hanya" ne ya zo mini, amma ya yi tsawo a bakin mai ciniki. Masu gyara na babbar kasuwa, ku da kuke taɓa shi kullum, me kuke ce masa?