Ɗan ƙanwata na son barin jami'a ya shiga NBA, wa ya taɓa gani?

Kawun Dogo: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata yana shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, ƙwallon kwando ce ta samo masa karatu kyauta. Yanzu wani ejan (wakilin da ke yi wa 'yan wasa ciniki) ya hure masa kunne wai ya ajiye karatun ya sa sunansa a zaɓen sababbin 'yan wasa na bana na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Uwarsa ta kasa barci. Wanda ya taɓa shiga ruwan nan ya faɗa mana zurfinsa.

Tsohon Ɗan Wasa: Wa alaikumus salam Kawu. Ni na shiga, da ƙyar na fito. Ejan ya rantse mini za a ɗauke ni tun a zagayen farko. Daren zaɓen gidanmu ya cika, har girki aka yi. Aka kira suna 60, babu nawa. Abin da ban gane ba a lokacin: mutum 30 na zagayen farko ne kawai ke da tabbacin albashin shekara biyu. Na zagaye na biyu sai yadda ciniki ya kaya, wanda ba a kira ba kuwa ya kama gabansa. Na faɗa G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, inda ko bayan ƙarin da aka yi a 2022 albashin kaka dala 40,500 ne a lokacin. Kuɗin masauki da na mai horarwa da ejan ya riƙa biya mini, ashe bashi ne, ni kuma na ɗauka alheri ne. Daga nan na tafi Turai, wata ƙungiya ta riƙe mini albashin wata uku, gwiwa ta ƙarasa sauran.

Hajiya daga Houston: Sannu ɗana. Nawa yaron ya sa suna, amma muka hana shi rufe ƙofa. Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta ba yaro kwana 10 bayan combine, gwajin da ake yi wa 'yan wasa kafin zaɓen, ya janye ya koma makaranta. Ƙungiyoyin da kansu suka gaya masa bai nuna ba, ya janye. Kuma zama yanzu ba zaman banza ba ne: tun Yulin 2021 ɗalibi na cin kuɗin talla da sunansa, daga 2025 kuma jami'o'i na biya kai tsaye. Zach Edey haka ya yi a 2023, ya koma Purdue, shekarar da ta biyo Memphis ta ɗauke shi na 9.

Ɗan Zango: Hajiya, ɗanki ɗan ƙasa ne. Ni da bizar ɗalibi na yi wasa, kuɗin tallan nan ina gani abokai na ci, ni dokar biza ta ɗaure mini hannu. Zaman ma ba ya tabbatar da komai. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango ya zama gwarzon jami'o'i a 2022, ya ƙara shekara a Kentucky, a 2023 babu wanda ya zaɓe shi. Nerlens Noel kuwa a wasan jami'a jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2013, daga mai jiran na ɗaya ya koma na shida.

Mai Cike Haraji: Na taɓa riƙe takardun wani da aka ɗauka a zagaye na biyu. Adadin da jarida ta buga daban, abin da ke shiga asusu daban. Harajin tarayya ya kai kashi 37, yawancin jihohin da ya je wasa suna yankar nasu, ejan na iya ɗaukar har kashi 4. Sai dangi, kowa da lalurarsa, kuma ba a iya cewa a'a. Antoine Walker ya bar Kentucky bayan shekara biyu, ya samu sama da dala miliyan 100, a 2010 ya je kotu ya ce ya karye.

Tsohon Ɗan Wasa: Na manta, Kawu: yaron ya tabbata ya cika shekara biyun. Tun 2019 wanda ya yi haka, in ya dawo cikin shekara 10, jami'ar Division I (babban rukunin wasannin jami'o'i) za ta biya masa ya ƙarasa digiri.

Kawun Dogo: Allah ya saka. Shi ma bizar ɗalibi gare shi. Na kira shi yanzu, ya ce ejan ya riga ya saya masa waya da tikitin jirgi. Na ce ya turo mini duk takardar da ya sa wa hannu kafin Juma'a.