JAMB ta matso, Turanci na ja mini baya: daga ina zan kama?

Ɗan Ƙauye, Ringim:

Assalamu alaikum. Malamai da yayye, a taimaka mini da shawara. Zan zauna JAMB bana, saura wata uku. Idan aka ba ni labari na karanta ina ganewa daidai gwargwado, amma tambayoyin cike gurbi da na karin maganar Turanci su ke kayar da ni. Sai in ga amsa biyu duk sun yi kama da daidai. A ƙauyenmu babu mai yin lesin, abin da nake da shi littafin tambayoyin baya ne da ƙaramar waya.

Malamin Turanci, Gumel:

Wa alaikumus salam. Ɗana, mafi yawan lokaci idan amsa biyu suka yi maka kama da daidai, ɗaya Turanci ce, ɗayar kuma Hausa ce da ta sa rigar Turanci. Kunnenka ya saba da ta biyun, ita ce za ta yi maka daɗi, kuma nan tarkon yake.

Ka fara da daidaita suna da aikatau. Mu mukan ce "Musa da ƙannensa sun zo", saboda haka hannu sai ya tafi kan *have*. Idan *and* ce ta haɗa su, haka ne. Amma idan ka ga *as well as*, *together with* ko *along with*, na farkon kaɗai ake dubawa: *Musa, as well as his brothers, has come*. Sa yatsa ka rufe abin da ke tsakanin waƙafin biyu, ka karanta ragowar, amsar za ta fito da kanta. Shi kuwa *neither... nor* da *either... or*, sunan da ya fi kusa da aikatau ne ke mulki: *Neither the teacher nor the students were there*. Ka kuma rarrabe *a number of pupils are* da *the number of pupils is*.

Sai sunayen da ba sa karɓar jam'i. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, don haka ɗalibi ya rubuta *advices*, *informations*, *equipments*, *furnitures*, *luggages*. Babu ko ɗaya a cikinsu. In ana son ƙirgawa sai a ce *a piece of advice*.

Wanda ya fi cin mutane shi ne 'yar tambayar ƙarshen jimla. A Hausa "ko ba haka ba?" guda ɗaya ta ishe ka ko'ina, shi ya sa ake liƙa *isn't it?* a bayan komai. Turanci ba ya yarda. Ka ɗauko mataimakin aikatau na cikin jimlar ka juya shi: *She can cook, can't she?* In babu mataimaki, ka aro *do*: *They left early, didn't they?* Kalmomi irin *hardly*, *never*, *seldom* kuwa korewa ce a ɓoye, don haka *He hardly reads, does he?* ne daidai.

Irin wannan ne ke kawo *discuss about*, daga "tattauna a kan", da *borrow me your pen*, saboda "aro" ɗaya muke da shi. Mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa *borrow*.

Malama, Bichi:

Malam ya gama da nahawu, Allah ya ƙara basira. Ƙanena, kada ka raina ɓangaren furuci, don can maki ke zube a ƙasa ba mai ɗauka. Ba za a ce ka buɗe baki ba, a rubuce ake tambaya, kuma sauti ake nema, ba harafi ba. *Cough* da *laugh* da sautin f suke ƙarewa, *ph* na *phone* ma f ne. Harafin b na *comb*, *debt* da *plumber* ba a furta shi, haka t na *listen* da w na *sword*. *Passed* da *past* sauti ɗaya ne. Bahaushe kuma ya yi hattara da p da f, da kuma b da v: ka riƙa faɗin *pan* da *fan* da ƙarfi, ga takarda a gaban bakinka. In p ɗin ya fita daidai leɓɓa za su haɗu, takardar ta motsa.

Gaɓar da ake dannawa tana da 'yan dokoki. Kalmar da ta ƙare da *-tion*, *-ic* ko *-ity*, gaɓar da ta zo kafin wutsiyar nan ake dannawa: *eduCAtion*, *ecoNOmic*, *aBIlity*. Wasu masu gaɓa biyu kuma, in kalmar suna ce a danna ta farko, in aikatau ce a danna ta ƙarshe: *REcord* da *reCORD*. Idan aka rubuta kalma ɗaya ta jimla da manyan baƙaƙe, kamar *MUSA bought the goat*, ka nemi tambayar da ta sauya wannan kalmar kaɗai: *Did Audu buy the goat?*

Ɗan Ƙauye, Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To karin maganar fa? Wani ya ce in haddace guda ɗari biyar.

Yaya Babba, Sumaila:

Ɗari biyar a wata uku, ga sauran darussa uku na jiranka? Zuba ruwa a kwando ne. Ka tsinci waɗanda ke cikin littafin tambayoyin naka, biyar a rana, kowanne da jimlarsa. Ƙa'idar da za ta cece ka ita ce, amsar da ta fassara kalmomin tsurarsu kusan kullum ƙarya ce. Kai ma ka san "ya yi ɓatan kai" ba kansa ne ya faɗi a hanya ba. Haka *bury the hatchet* sulhu ne, ba binne gatari ba, *a white elephant* kuma abu ne mai cin kuɗi ba amfani.

A tambayoyin ma'ana ka karanta umarnin sau biyu. *Nearest in meaning* daban, *opposite in meaning* daban, kuma sukan ajiye maka duka biyun a cikin zaɓin. Mai gaggawa ya san kalmar sarai amma ya faɗi.

Ka sayi littafin rubutu mai shafi 40, ka raba kowane shafi gida uku: abin da ka zaɓa, amsar gaskiya, da dalili. Gidan dalilin shi ne aikin. Ran Juma'a ka sake amsa duk abin da ka faɗi a makon ba tare da leƙawa ba. Sai dai ka sani, amsoshin bayan irin littattafan nan na kasuwa ba duka ne daidai ba. In amsa ta saɓa wa doka, ka duba ƙamus.

Malamin Turanci, Gumel:

Ƙari kan lokaci. Tambayoyi 180 ne a awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Na cike gurbi da na furuci kada su wuce daƙiƙa 20, rarar ka kai wa labarin karantawa da lissafi. Ka sa agogon wayarka ka riƙa yin 60 a minti 35.

Tunda a kwamfuta ake yi, ka daure ka shiga gari ko sau biyu ne kafin ranar, ka zauna gaban allo hannunka ya saba. A, B, C, D na zaɓar amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta mayar da kai baya. S ta miƙa aiki ce, kada yatsanka ya je kusa da ita sai ka zagaya darussan huɗu duka.