Tambaya: limfoma ce ta shiga jijiya, ko illar magani ce?

Assalamu alaikum, likitoci. Muna neman shawara kan wani majinyaci mai limfoma (sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki) nau'in da ake kira DLBCL, wanda ya gama zagaye 6 na haɗin magungunan sankara da ake kira R-CHOP. Yanzu hannunsa na dama ya raunana, ga zogi mai tsanani tun daga kafaɗa. Illar binkiristin, ɗaya daga cikin magungunan R-CHOP, kan kama yatsun hannu da na ƙafa duka ɓangarorin biyu, shi kuwa wannan gefe guda ne, ba a kuma yi masa gashin sankara (radiyotarafi) ba.

Hoton MRI mai ƙarfin maganaɗisu tesila 1.5 ya nuna tarin jijiyoyin wuya da hammata sun yi kauri, sun yi haske a STIR (salon hoton MRI mai nuna kumburi), sun kuma sha gadoliniyam (sinadarin da ake allura don hoton ya fito sosai). Matsalar ita ce kumburi irin na CIDP (cutar da garkuwar jiki ke kai wa jijiyoyi hari) ma yakan bayyana haka. Ruwan laka bai nuna ƙwayoyin sankara ba, amma wannan ba ya kore cutar.

An riga an fara ba shi firedinisolon (maganin rage kumburi), wanda kan dusashe limfoma a hoton FDG PET/CT (hoton da ke haskaka wuraren da sankara take). Kwana nawa za a dakatar da firedinisolon kafin hoton? In PET ya haskaka jijiyar, ya wadatar a fara magani, ko sai an yanki samfuri daga wurin duk da haɗarin shanyewar hannun?