Muhawara: Hana ɗiba zai ceci kokwambar teku da matsutake?

Malam Sani: Ni a ganina maganinsu ɗaya ne. Kokwambar teku irin Holothuria scabra da naman kazan daji matsutake, duk tsada ce ta ja musu. IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa kokwambar cikin masu fuskantar ƙarewa a 2013, matsutake ya shiga jerin masu rauni a 2020. A hana ɗiba na wasu shekaru, kowanne zai farfaɗo.

Hajiya Binta: Malam, a kan kokwamba na yarda. Dabba ce, dangin tauraron teku, kuma ɗungurungum ake ɗauke ta. Tana kwance a ruwa marar zurfi, ba ta gudu, da hannu ma ana tsinta. In an dafa an shanya, ba ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyinta, kilo ɗaya busasshe ya lashe fiye da kilo 10 na masu rai. Amma matsutake, abin da ya ɓullo sama kawai ake cira. Ainihin jikinsa zare ne a ƙarƙashin ƙasa, manne da saiwar bishiyar fayin. Wanda ya tsinki mangwaro ai bai sare itacen ba.

Malam Sani: To Hajiya, me ya karya shi a Japan? A 1941 an samu wajen tan 12,000, yanzu yawanci ba ya kai tan 100.

Hajiya Binta: Dajin ne ya sauya. Wata 'yar tsutsa da ƙwaro ke yaɗawa ta kashe jan fayin da yawa. Sannan mutane suka daina kwasar busasshen ganye da itacen wuta, ƙasa ta yi taki, shi kuwa matsutake ƙasa marar ƙarfi yake so. Ka rufe dajin ka tafi, ganye ya ƙara taruwa, ka ƙara danne shi.

Malam Garba: Hajiya, kada dai a wanke masu ɗiba tas. Mai kartar ƙasa da manjagara don neman ƙananan da ba su ɓullo ba, zaren yake yagawa, amfanin shekaru masu zuwa ya ragu. Daidai shi ne a girgiza gindin a hankali, a zare, a mai da ƙasa a rufe ramin. Yawan tattaka wurin ma illa ne.

Ita ma kokwambar, hani ba ya aiki in an makara. A cikin ruwa namiji da mace ke sakin iri, in sun yi nisa da juna ƙwan ba ya samun baye. Fafuwa Niu Gini ta rufe kamun daga 2009 zuwa 2017, kusan shekara takwas, don abin ba ya dawowa da wuri.

Malam Sani: In an makara fa?

Malam Garba: Sai ƙyanƙyasa a tanki. Bayan kamar mako biyu 'ya'yan su sauka ƙasa, a raine su har su yi 'yan giram, a sake su a keji cikin ciyawar teku saboda ƙaguwa. Matsutake kuwa har yau ba a iya noma shi don kasuwa ba, sai dai a rage cunkoson itatuwa, a share ganye, a jira.