Masu bincike za su shigo auna yara, wa abin ya taɓa zuwa gidansa?

Maman 'Yan Biyu, Marwa
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya jauro, wato mai unguwarmu, ya aiko wai wasu masu bincike za su bi gida gida su auna yara 'yan ƙasa da shekara 5, har da tsaga yatsa a ɗauki jini. Maigida ya tafi Kuseri, surukata kuma ta ce sam kar a taɓa mata jikoki. Ni dai raina bai ƙi ba amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka gani da idonsu.

Goggon Yara, Garwa
Wa alaikumus salam 'yata. Mu sun zo mana a 2018, wancan babban binciken lafiya na ƙasar Kamaru da ake cewa EDS, ma'aikatan hukumar ƙididdiga ta ƙasa (INS) ne. Suka kwantar da autana a kan wani allon katako, ɗaya ta riƙe kai ɗaya ta danne gwiwoyi, yana ta tsala ihu ni kuma hankalina a tashe. Jinin fa ɗigo ne kawai, suka sa a wata 'yar na'ura, nan take matar ta ce min jininsa ya yi ƙasa sosai, ta rubuta takarda ta ce in kai shi asibiti kar in kwana. Wallahi ni da na ɗauka hasken fata ne yaron yake yi, ashe rashin jini ne. Abin da ya yi min nauyi tambayoyin ne, sai da na lissafa duk haihuwar da na yi har da biyun da suka koma, wata nawa suka yi a duniya, kuma ta ce in faɗi sunan ɗan farina, abin da ban taɓa yi ba a gaban mutane, sai ƙanwata ce ta faɗa mata.

Baban Ummi, Mokolo
Goggo ke kin dace. Mu wasu ne daban suka zo, jinin ma a kwalba suka ɗiba daga hannun 'yata, takardar duk da Faransanci, mai fassara ya yi jimla biyu da Fulatanci ya ce in dangwala yatsa, na dangwala saboda ina ganin girman wanda ya kawo su. Suka ce za su dawo da sakamako. Yarinyar yanzu tana aji uku ban sake ganin ƙeyarsu ba, kuma har yau in ta yi zazzaɓi uwarta sai ta ce ko akwai abin da suka gani suka ɓoye mana. Wannan zargin shi ya fi ci min rai, ba jinin ba.

Wani ɗan Chadi, Injamena
Baban Ummi kana da gaskiya, an yi maka ba daidai ba. Amma ni sankarau ya ɗauke min yayana muna yara, cikin kwana biyu, lokacin zafi. A Disamban 2011 aka yi allurar rigakafin sankarau ta MenAfriVac a nan Injamena da wasu yankuna biyu, 'yan shekara 1 zuwa 29, kusan mutum miliyan 1.8. A wajen Mandeliya, kudu da Injamena, har maƙogwaron mutane aka riƙa lakata da auduga kafin allurar da bayanta don a ga ko ƙwayar cutar na nan. Da aka kwatanta inda aka yi da inda ba a yi ba, sankarau ya ragu da kashi 94 cikin 100. Da kowa ya rufe ƙofarsa da ba wanda zai san haka.

Anti Rele, Yagwa
Ni aikina kenan bin gidaje, duk damina tun 2016 muna raba maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ga 'yan wata 3 zuwa wata 59, wannan ba bincike ba ne, haka ma allurar maleriya da Kamaru ta fara sa wa jarirai a Janairun 2024 an riga an gama gwajinta. Bincike shi ne wanda ake neman yardarki, kuma kina da ikon cewa a'a, ba za a hana yaranki magani don kin ƙi ba. Maman 'Yan Biyu in sun zo ki sa su zauna a tabarma, ki tambaye su wa ya aiko su, jinin a nan za a gwada ko tafiya za a yi da shi, yaushe za ki ji sakamako, su bar miki kwafin takardar da lambar waya. Za su ɗaura wani tef a damtsen yaro, in ya faɗa ja wato ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, kar ki bari su fita ba su faɗa miki kalar ba.

Maman 'Yan Biyu, Marwa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna surukata labarin Goggo ta yi shiru can ta ce to su zo amma a kan cinyarta za a tsaga yatsan. Na kira maigida shi ma ya yarda, sharaɗinsa ɗaya kar a fita da jinin daga gidan sai an gaya mana inda za a kai shi. Gobe da hantsi za su zo.