Bangon ɗakin Inna ya tsage, a shafe da siminti ko a dakata?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar gini ku ba ni shawara. Gidanmu na nan Mabera, ginin bulo ne ba bene ba, to bayan damanar ga munka ga tsaga ta fito daga kusurwar tagar ɗakin Inna ta yi sama a karkace, siririya ce ko allura da ƙyar ta shiga amma ni gani nike kamar tana ƙara tsawo. Birkilan da munka kira ya ce filasta ce kawai a sawo rabin buhun siminti ya shafe, Yaya ya ce a yi, ni ko hankalina bai kwanta ba tunda nan tsohuwa ke kwana.

Ɗan Runji:
Haba Hajiya, wane gida ne Sakkwato babu tsaga? Garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu sannan hunturu ya zo da sanyinsa, dole filasta ta dare. A shafe a yi fenti kawai.

Injiniya_Sk:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Ɗan Runji ya faɗi rabin gaskiya, zafi da sanyi na sa siminti ya buɗe ya tsuke, kuma filastar da aka yi da rana tsaka ba a shayar da ita ruwa ba tana yin tsaga-tsaga ƙanana ta ko'ina, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma wadda kika kwatanta daban ce, ta taso daga kusurwar taga a karkace kuma bayan damana, irin wannan sau da yawa alama ce wani ɓangare na fandisho ya ɗan zauna. Mabera kuwa kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya, in ƙasar wurin laka ce ta sha ruwa ta kumbura, rani ya zo ta bushe ta tsuke, gini na bin ta sama da ƙasa.

Kada ku shafe yanzu, in kun shafe kun rufe abin da zai gaya maku gaskiya. Abin da muke son sani shi ne tana motsi ko ta tsaya. Ki samu fensir ki ja layi daidai inda ta ƙare sama da ƙasa ki rubuta kwanan wata a jikin bangon, ki ɗora rula ki ɗau hoto da waya, duk sati biyu ki sake a wuri guda har wata damanar ta wuce. Ki leƙa waje ki ga ko ta ratsa bulon ta fito ta baya, ki duba ko ƙofa ko tagar ta fara cijewa wajen rufewa. In faɗinta ya kai milimita 5, ko kin ga tana buɗewa da sauri, ko lintal (kankaren saman taga ko ƙofa) ya tsage, a fidda Inna daga ɗakin a kira injiniya mai rajistar COREN (hukumar da ke yi ma injiniyoyi rajista a Najeriya) ya zo ya gani da idonsa, hoto ba ya isa.

Baba Magini:
Allah shi ma albarka Injiniya. Mu da can gilashi mukan samu ɗan siriri mu manna shi a gicciye bisa tsagar da siminti gefe da gefe, in ya fashe to bango na tafiya. Ɗiyata ki duba min ina indararo ke zubar da ruwa, kuma ina sokawe yake.

Ɗan Runji:
Duk wannan hidimar a kan layin da allura ba ta shiga?

Injiniya_Sk:
Ɗan uwa ai ta nan ruwa ke bi. A fila (ginshiƙi) ko bim (kankaren da ke gicciye bisa ginshiƙai) ko dekin, ruwa na shiga tsaga ya tarar da rodi, rodi ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen cin wuri ninki da dama sai ta tura kankaren ya ƙara buɗewa, ƙarin ruwa ya shiga, haka har ka ga kankare na ɓarewa rodi a waje. Shi ya sa in na ga jan ruwan tsatsa na bin ƙarƙashin gada na fi damuwa da shi a kan ramin kwaltar sama. A Amurka gadar Silver Bridge da ke kan kogin Ohio ta rufta a Disambar 1967 mutum 46 suka mutu, da aka bincika wata tsaga ce mai zurfin kusan milimita 2.5 a jikin ƙarfe ɗaya ta jawo, bayan nan ne suka kafa dokar duba gadoji akai-akai. Mu nan kuma ga ruwa na cin ƙasar gindin gada, wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'ar Danfodiyo ya san ƙarfin gulbin Rima.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Injiniya, na ja layin na rubuta kwanan wata. Baba na leƙa baya, tsagar ta fito ta waje, kuma indararon ɗakin a gindin bangon nan yake zuba, ƙasar wurin har ta lotsa. Na tura ma Yaya hoton ya ce za a gyara hanyar ruwan tukun, Inna kuma ta koma ɗakina kafin a samu mai dubawa. Injiniya kamar nawa ake biya in mutum zai zo dubawa kawai?